Isma'ila Mabo: Ɗan Garin Kuza da Ya Tsare Bayan Ƙasarsa



Ranar Litinin 13 ga Maris 2023 Allah ya yi wa Alhaji Isma'ila Mabo rasuwa a garin Jos na Najeriya, yana da shekara 78. Kaɗan ne daga cikinmu suka ji labarin, waɗanda suka ji ma ba su daɗe da shi a rai ba, domin wata ɗaya da kwana biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, harbi ya ɓarke a Khartum, kowa ya shiga neman inda zai sa kansa. Ta'aziyyar da ba mu yi ba a lokacin ita ce muka zo yi yau, ko da a makare. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne haɗinmu da ɗan ƙwallon da bai tashi a gaɓar Nilu ba, wanda samarinmu masu gardamar Hilal da Marikh ba su san ko sunansa ba? Haɗin yana cikin garin da ya haife shi. Sunan Jazira da Larabci tsibiri yake nufi, kuma mu da muke zaune a cikinta mun san zaman tsibiri ta wata fuskar ma: harshenmu a cikin gida, wani harshen a kasuwa da makaranta da ofis, ga kuma tambayar nan da ba ta tsufa, wai ku asalinku daga ina? Hausawan Jos sun san wannan tambaya kamar yadda muka san ta.

Jos garin kuza ne. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka buɗe haƙar kuza a kan tudun Filato, suka bukaci hannaye masu yawa. Aka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno, leburori da fatake da mahauta da malamai. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914. Daga kudu kuma Ibo da Yarabawa da Urhobo suka zo da aikin akawu da kanikanci da kasuwanci. Ƙasar kuwa ta Birom da Anaguta da Afizere ce tun kafin zuwan kowa. Garin da ya tashi daga wannan cakuɗa Hausa ce harshen titinsa, har ɗan Ibo da aka haifa a can yakan tashi da ita a baki kamar ɗan Fagge.

Ku dubi shekarun, za ku ga kamar tarihinmu ake karantawa. A 1903 aka yi yaƙin Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, noman auduga na Jazira ya kankama, shi ma ya bukaci hannaye. Wasu daga cikin kakanninmu sun sami hawasha, da yawa kuma sun ƙare a kambo suna ɗibar audugar wasu. Turawan da suka nemi gumin Bahaushe a ramin kuza su ne suka neme shi a gonar auduga. Da suka tafi sai suka bar mana gādon takarda. A nan dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da zaman kakanninsa a ƙasar tun ƙarshen 1897, kuma ko da aka sassauta daga baya, duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman jinsiyya ya san irin kallon da ake yi wa mai suna irin namu. A can kuma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ce, wadda sai da ita ake samun gurbin karatu ko aikin gwamnati.

A wannan gari aka haifi Isma'ila Mabo ranar 15 ga Yuli 1944. Ƙwallonsa ta fara ne inda ta kowa take farawa, a filin unguwa da na makaranta, abin da mu a nan muke kira dafuri. Jos tana da sanyi, tana da makarantun mishan masu filaye, tana da ma'aikatan kamfani da suka ɗauki tamaula da muhimmanci, don haka ta daɗe tana fitar da 'yan wasa fiye da girmanta. A tsakiyar shekarun 1960 Mabo yana cikin tawagar 'yan makarantun Najeriya da ta je har Accra ta doke takwararta ta Ghana, a zamanin da Ghana take riƙe da kofin Afirka na 1963 da na 1965, ba a kuma saba jin wani ya ci ta a gidanta ba. Cikin abokan tashinsa akwai Tony Igwe da Peter Anieke da Sam Garba Okoye. Ku lura da wannan suna na ƙarshe. Sam na coci, Garba na Hausawa, Okoye na Ibo, duk a kan mutum ɗaya. Jos ta wancan lokaci ke nan.

Sai dai tarihi ba ya tafiya yadda muke so. A 1966 aka yi wa Ibo kisan gilla a garuruwan Arewa, Jos na ciki, dubbai suka gudu gabas, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa Janairun 1970. Wajibi ne mu faɗi wannan a fili. Mu da muka binne 'yan uwanmu a Rusairis da Damazin a Yulin 2022, muka sake binne wasu a Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekara, bai kamata mu karanta tarihi kamar kullum Bahaushe ne ake zalunta ba. Akwai ranar da masu jin harshenmu suke cikin masu ɗaga makami a kan baƙon da ya amince da su.

Bayan yaƙin ne ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ta yi tashe, da kuɗi da himmar attajirin nan Alhaji Isiyaku Ibrahim. Mabo ne a tsakiyar masu tsaron bayanta, a gaba ga Sam Garba, ga 'yan gidan Atuegbu, 'yan uwan juna 'yan Ibo da suka tashi a Jos. Shekara kaɗan bayan jini ya kwarara a titunan garin, sai ga Musulmi da Kirista, ɗan Arewa da ɗan gabas, sanye da riga ɗaya, jama'ar gari na yi musu sowa da Hausa. Ba mu cewa ƙwallo ta warkar da Jos. Rikicin 1994 da na Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 sun isa su hana mu faɗin haka. Abin da ta yi shi ne ta samar da fili guda, mai tsawon mita ɗari da 'yan kai, inda ba a tambayar takardar asali kafin a miƙa wa mutum ƙwallo.

Aikin mai tsaron baya aiki ne marar yabo. Mai cin ƙwallo yakan ɓarar da dama tara, ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron baya yakan tare tara, ta goma ta wuce shi, a kwana ana zaginsa. Dole ya riƙa karanta wasa tun kafin ƙwallo ta iso, ya san inda abokinsa zai yi kuskure ya riga shi zuwa wurin, ya yi ta magana yana jera mutane. Shi ya sa da yawa daga cikin masu horarwa na kirki daga baya suka fito, domin tun suna wasa suke kallon fili gaba ɗayansa.

Shekarar 1970 tana da daɗi a bakin dattawanmu. A watan Fabrairunta Sudan ta karɓi gasar kofin Afirka, aka buga wasannin rukuni ɗaya a nan kusa da mu, a Wad Madani, sannan ranar 16 ga wata Sudan ta ci Ghana ɗaya da nema a Khartum ta ɗauki kofin da har yau ba ta sake ɗauka ba. A ƙarshen wannan shekara ce Mabo ya sa rigar babbar tawagar Najeriya, wadda a lokacin ake kira Green Eagles, a wasan share fagen gasar 1972 da Kongo a Brazzaville. Kongo ce ta fitar da Najeriya, kuma ita ce ta je Kamaru ta ɗauki kofin gaba ɗaya. Ɗan garin kuza ya tsaya a bayan ƙasarsa yana tare mata hari, babu wanda ya tsayar da wasa don ya tambayi daga ina kakansa ya zo.

A 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a Najeriya, Mighty Jets ce ta fara lashe ta. Amma abin da tsofaffin 'yan kallo suka fi tunawa shi ne kofin ƙalubale, wanda ya zame wa Jos kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Tun 1951 ƙungiyoyin Filato suke zuwa wasan ƙarshe suna komawa hannu rabbana. A 1972 Jets ta gamu da Bendel Insurance a Legas, an ci ta biyu, lokaci ya kusa cika, Sam Garba ya farke duka biyun a 'yan mintocin ƙarshe. Aka sake wasan a Ibadan, Bendel ta ci uku da biyu. A 1974 suka sake zuwa, Rangers ta Enugu ta ci su biyu da nema. Har mutane suka fara cewa baki aka yi wa garin. Mabo ya rataye takalmansa bai taɓa wannan kofi ba. Sam Garba kuwa haɗarin mota ya ɗauke shi a 1978.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ga wani ɗan wasa na kirki cikin ɗaruruwa. Abin da ya bambanta Mabo ya zo ne bayan furfura ta fara fito masa, lokacin da ya koma horarwa, aka kuma danƙa masa tawagar mata ta ƙasa, Super Falcons.

Mu faɗa wa juna gaskiya, da a zaurenmu aka kawo wannan labari a wancan lokaci, da an yi shiru, wani ya gyara murya. Alhaji guda, dattijo, ya tsaya a fili da usur a baki yana koya wa 'yan mata gudu? A Arewacin Najeriya ma haka kallon yake. Mafi yawan 'yan wasan da ya tarar 'yan kudu ne, Ibo da Yarabawa da 'yan yankin Neja Delta, kuma hukumar ƙwallo ta fi damuwa da tawagar maza nesa ba kusa ba. Tawagar matan ta je kofin duniya na 1991 a Sin da na 1995 a Suwidin, ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Wannan ce amanar da ya karɓa. A ganinmu tashinsa a Jos ne ya shirya shi, domin wanda ya girma yana wasa da Garba Okoye ba zai ji baƙunta ba don an haɗa shi da Nkiru da Kikelomo.

A Oktoban 1998 Najeriya ta karɓi gasar mata ta Afirka, aka buga a Kaduna da Abeokuta. 'Yan matan Mabo suka buga wasa biyar, suka ci ƙwallo 28, ba a zura musu ko ɗaya ba, suka rufe da Ghana biyu da nema. Hannun tsohon mai tsaron baya a bayyane yake a wannan lissafi. Amma Afirka a lokacin ba ma'auni ba ce. Ma'aunin yana Amurka, inda aka yi kofin duniya a bazarar 1999.

Ranar 20 ga Yuni a Pasadena suka ci Koriya ta Arewa biyu da ɗaya, Mercy Akide da Rita Nwadike suka zura. Wannan ce nasarar Najeriya ta farko a tarihin gasar. Kwana huɗu bayan haka suka gamu da masu masaukin baƙi a Chicago, gaban 'yan kallo sama da 65,000. Minti biyu da farawa Nkiru Okosieme ta jefa ƙwallo a ragar Amurka. Kamar an tsokano gidan rina. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an ci su shida, aka tashi bakwai da ɗaya. A nan ake gane mai horarwa. Kowa na iya tsara 'yan wasa ranar da ake ci, amma tattara mutanen da aka wulaƙanta a idon duniya, a mayar da su fili cikin kwana uku, wannan sai wanda ya san ɗacin wasan ƙarshe na 1972 da na 1974. Ranar 27 ga wata suka ci Denmark biyu da nema, suka zama tawagar Afirka ta farko da ta tsallake matakin rukuni a kofin duniya na mata.

Sai Brazil, ranar 1 ga Yuli, a filin Landover kusa da birnin Washington. Tsakanin Najeriya da Brazil akwai tsohon lissafi. A gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, tawagar su Anieke da Sam Garba ta ci Brazil uku kafin hutu, Brazil ta dawo ta farke duka, aka tashi uku da uku. A ta 1996 a Atlanta kuwa Brazil ce ke gaba da uku da ɗaya, Najeriya ta farke, Nwankwo Kanu ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Yanzu ga mata. Cikin minti 35 Brazil ta zura uku, Cidinha biyu, Nenê ɗaya. Mabo ya yi abin da masu horarwa ke tsoron yi: ya cire mai tsaron gidansa Ann Chiejine tun kafin hutu, ya sa Judith Chime. Bayan an dawo Prisca Emeafu ta rage ɗaya a minti na 63, Okosieme ta ƙara a na 72, Nkechi Egbe ta farke a na 85. Uku da uku. Minti biyu bayan haka aka ba Patience Avre jan kati, suka shiga ƙarin lokaci su goma. A dokar wancan zamani duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci wasa ya ƙare nan take. A minti na 104 Sissi ta buga bugun tazara, ƙwallo ta shige.

An fitar da su, amma kai wa wannan mataki ya ba su gurbi a Olamfik ta Sydney. A cikin wannan shekara ta 1999 kuma, kamar an kwance wani ƙulli, Plateau United ta ci Iwuanyanwu Nationale ɗaya da nema ta kawo wa Jos kofin ƙalubalen da ta yi kusan shekara hamsin tana nema.

Sauran shekarunsa da tawagar ba su kai wannan armashi ba. A Sydney a 2000 an ci su duka wasanni uku, kowanne uku da ɗaya. A ƙarshen shekarar suka sake ɗaukar kofin Afirka a Afirka ta Kudu, a wasan ƙarshen da jifan 'yan kallo ya sa aka tsayar kafin lokaci. Ya bar aikin, tawagar ta je kofin duniya na 2003 a hannun wani ta dawo ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba, aka sake kiransa. A Olamfik ta Athens a 2004 suka ci Japan, suka kai zagayen ƙasashe takwas, Akide ta sa su gaba a kan Jamus mai riƙe da kofin duniya, Jamus ta zura biyu a cikin kwata na ƙarshe.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar take da nauyi. Ranar 30 ga Satumba 2019 aka buɗe gasar lig ta mata ta farko a Sudan a filin wasa na Khartum, da ƙungiyoyi 21. Kafin nan ma Salma al-Majidi ta riga ta horar da ƙungiyoyin maza a ƙasar nan. Mun ji muhawarar da ta biyo baya a masallatai da rediyo, kuma mun san ra'ayin mafi yawan iyayenmu. Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne, muna kuma girmama uban da ya ce 'yarsa ba za ta fita fili ba. Abin da muke so a lura da shi kawai shi ne, 'yar da muke cewa ba ta da ƙarfin gudu ita ce take yini a sunkuye tana ɗibar auduga, ita ce take ɗauko ruwa daga tura'a, kuma a wannan yaƙi ita ce ta goya ƙaninta ta yi tafiyar kwanaki a ƙasa lokacin da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023. In za mu hana, mu hana da hujjar da za mu iya faɗa a gabanta.

Akwai kuma abin da ya shafi samarinmu. Yaro mai ƙafa a ƙauyenmu yakan kai ƙungiyar gari, wani lokaci har Ahli ko Ittihad na Madani su ji labarinsa, daga nan sai maganar takardu ta taso, ko kuma shi da kansa ya fara jin nauyin a ji shi yana Hausa a cikin abokan wasa. In ya tsufa ya bar wasa, sai ya koma gona ko kasuwa da duk abin da ya sani a cikinsa. Rabin rayuwar Mabo da duniya ta sani ya fara ne bayan ya haura shekara hamsin. Muna da tsofaffin 'yan wasa a kowane ƙauye, masu zama a bakin fili da yamma suna gyara wa yara tsayuwa kyauta, ba wanda ya taɓa tura ɗayansu kwas ɗin horarwa ko ya rubuta sunansa a takarda. Duk ranar da aka share filayenmu daga harsashi, aka sake kafa sandunan raga, kulob-kulob ɗinmu na ƙauye su fara da waɗannan dattawa.

Kyaftin ɗin tawagar 1999, Florence Omagbemi, ita ce ta zama mai horar da Super Falcons a 2016, ta ɗauki kofin Afirka a Yawunde bayan cin Kamaru ɗaya da nema. Cikin mataimakanta a benci akwai Ann Chiejine, mai tsaron gidan nan da Mabo ya cire a gaban duniya ranar wasan Brazil. Wata huɗu bayan rasuwarsa aka buɗe kofin duniya na mata a Ostireliya da New Zealand. Najeriya da Maroko da Afirka ta Kudu duk sun tsallake rukuni, duk kuma sun tsaya a zagayen ƙasashe 16, Najeriya a hannun Ingila da bugun fanareti a Brisbane ranar 7 ga Agusta 2023. Zuwa wannan gasa, tawagarsa ta 1999 ita kaɗai ce daga Afirka da ta taɓa shiga cikin takwas ɗin ƙarshe.